Zauren Masu Karatu: Baiti, Kari da Adon Harshe a Waƙar Hausa

Mafi yawan wasiƙun da suka iso zauren nan a wannan wata daga ɗaliban sakandare da na kwalejojin ilimi na Kebbi da Zamfara suka fito, kuma kusan dukkansu a kan nazarin waƙa suka tsaya, ganin jarrabawa ta ƙarato. Na taƙaita tambayoyin, na kuma haɗe masu kama da juna. Domin kada in riƙa ɗebo baitocin magabata ina yayyanka su, na tsara baitoci huɗu da kaina a kan ranar su, wato kamun kifi, a Argungu, kuma gare su za mu riƙa komawa. Ina roƙon mai karatu ya rera su da murya kafin ya ci gaba, domin rabin amsoshin da ke tafe kunne ne zai ba shi su.

Masunta suna can a bakin ruwa,
Da homa da gora, jiki na rawa.

Da jin bindiga sai su faɗa ciki,
Ka ce guguwa ce ta ratso dawa.

A can ƙarƙashi tarwaɗa ta laɓe,
Tana koke-koken rashin 'yan'uwa.

Idan ka ga yara da manya suna
Gudu, to, gwani ne ya kamo uwa.

TAMBAYA: Wata ɗalibar sakandare daga Argungu ta ce: “Allah ya gafarta Malam, a aji muna jin baiti, muna jin ɗango, wani littafin kuma ya ce shaɗara. Shin duk abu ɗaya ne? Kuma mene ne bambancin ƙwar biyar da tahamisi?”

AMSA: 'Yata, ɗango da shaɗara da layi duk sunan abu ɗaya ne, wato jeren kalmomi guda da marubuci ya rubuta kafin ya sauka ƙasa. Baiti kuwa shi ne rukunin ɗangwayen da suka zauna wuri ɗaya, aka bar fili tsakaninsu da na gaba. A waƙar da ke sama akwai baiti huɗu, kowane baiti yana da ɗango biyu. Da yawan ɗangwayen da ke cikin baiti ake raɗa wa waƙa suna. Mai ɗango ɗaya ita ce gwauruwa, mai biyu ita ce 'yar tagwai ko ƙwar biyu, sai ƙwar uku, ƙwar huɗu da ƙwar biyar. 'Yar tagwai da ƙwar biyar su ne suka fi yawa a rubutattun waƙoƙinmu tun daga zamanin jihadi har zuwa yau.

Idan kin dubi ƙarshen ɗango na biyu a kowane baiti, za ki ga gaɓa ɗaya ce take dawowa: rawa, dawa, 'yan'uwa, uwa. Wannan “wa” ɗin shi ne amsa-amo, wanda malaman zaure suke kira ƙafiya. A Hausa ba wasali kaɗai ake dubawa ba, gaɓar ƙarshe ce gaba ɗayanta, baƙi da wasalinsa, saboda haka “rawa” da “rana” ba su amsa wa juna ba, ko da yake dukkansu da “a” suka ƙare. Amsa-amon da ya ratsa waƙa tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya sauya ba shi ake kira babban amsa-amo, ko amsa-amon waje. A ƙwar biyar akwai na biyu, wato ƙaramin amsa-amo ko na ciki: ɗangwaye huɗu na farko sukan ƙare da gaɓa ɗaya wadda take sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuma ya komo kan babban amsa-amon waƙar.

Tahamisi shi ma ɗango biyar ne a baiti, amma hannu biyu ne suka gina shi. Mawaƙi yakan ɗauki 'yar tagwai ta wani, yawanci malaminsa ko wani magabaci da yake girmamawa, ya ɗora ɗango uku nasa a gaban kowane baiti, ya bi karin mai waƙar da ma'anarsa, har mai saurare ya kasa gane inda aka yi ɗori. Sanannen misali shi ne Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu kuma ya yi mata tahamisi. Idan ɗango biyu aka ƙara, baiti ya zama mai huɗu, sunansa tarbi'i. Ke nan kowane tahamisi ƙwar biyar ne, amma ƙwar biyar da mutum ɗaya ya tsara ba tahamisi ba ce, kuma masu gyaran jarrabawa suna lura da wannan ƙwarai.

Akwai abu guda da ban so ki wuce shi ba. Dubi baiti na huɗu: ɗangon farko ya tsaya a kan “suna”, magana ba ta cika ba sai da aka sauka ɗango na biyu aka sami “gudu”. Wannan shi ake kira gangara. Idan kuwa maganar ta tsallake baitin gaba ɗaya, sai a baiti na gaba ta cika, sunanta saɓi-zarce.

TAMBAYA: Wani ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Maru ya rubuto cewa: “Malam, karin waƙa ya gagare ni. Ina ƙirga gaɓoɓi, ina samun adadinsu daidai, amma a ce mini ɗangon ya karye. Wani lokaci kuma adadin ya bambanta, a ce lafiya lau yake. Ina gaskiyar take?”

AMSA: Ɗana, wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin samu, domin a nan ne ɗalibai da yawa suke sarewa, alhali matsalar ba ta ƙwaƙwalwarsu ba ce, ta rubutun boko ce. Karin waƙar Hausa ba a kan yawan gaɓoɓi kaɗai ya tsaya ba, a kan nauyinsu ya tsaya da yadda aka jera su. Gaɓar Hausa iri uku ce. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar “da” ko “su”, wannan ita ce gaɓa mai sauƙi, ko gajeriya. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar “go” a cikin gora ko “sai”. Akwai kuma baƙi da wasali da wani baƙin da ya rufe su, kamar “can” ko “bin” a cikin bindiga. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne masu nauyi, ko dogaye, kuma a awon waƙa darajarsu ɗaya. A wasu karuruwan gajeru biyu sukan zauna a gurbin doguwa ɗaya, shi ya sa kake ganin adadi ya bambanta amma kari bai motsa ba.

Inda gizo yake saƙa shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Ajami yana nunawa, domin alif da wau da ya suna tsaye a bayan dogon wasali, shi ya sa almajirin da ya saba da waƙoƙin ajami yakan riga ɗan boko kama kari. Dubi ɗango na huɗu na waƙarmu, wanda ya ƙare da “ta ratso dawa”. Idan ka karanta dawa da nufin daji, gaɓar “da” gajeriya ce, ɗangon ya zauna daram. Idan ka karanta ta da nufin dawar da ake tuwo da ita, “da” ta zama doguwa, nan take za ka ji ƙafar ƙarshe ta yi tuntuɓe. Haruffa ba su sauya ba, adadin gaɓoɓi bai sauya ba, amma kari ya karye. Saboda haka duk wanda ya ce zai yanka kari da ido, bakinsa a rufe, zai sha wahala.

Ga yadda za ka yi. Ka faɗi ɗangon a hankali kamar kana yi wa yaro shifta, ka rubuta shi gaɓa-gaɓa, kana ninka wasalin da ka ji ya ja: ma-sun-taa, su-naa-can, a-baa-kin, ru-waa. Yanzu ka sa alama a ƙarƙashin kowace gaɓa, ta gajeriya daban, ta doguwa daban. Za ka ga tsari ɗaya yana maimaita kansa: gajeriya, doguwa, doguwa, har sau uku, sannan na huɗu ya zo a gutsure, gajeriya da doguwa. Kowane irin wannan rukuni shi ake kira ƙafa. Gwada ɗango na biyu: da-hoo-maa, da-goo-raa, ji-kii-naa, ra-waa. Tsarin bai sauya ba. Wannan ƙafa ita ce masu aruli, wato ilimin awon waƙar Larabci, suke kira fa'ulun, karin da aka gina da ita kuma sunansa Mutaƙarab. Gaɓar ƙarshen ɗango ba a tsananta mata, domin mai rerawa yana jan ta ko da gajeriya ce.

Sunayen nan daga Larabci suka zo. Halil ɗan Ahmad, mutumin Basra da ya rayu a ƙarni na 8 na Miladiyya, shi ne ya tsara ilimin aruli, ya fitar da karuruwa 15, daga baya Ahfash ya ƙara ɗaya suka zama 16. Malamanmu na ƙarni na 19, irin su Malam Abdullahi na Gwandu wanda ya yi fice a waƙar Larabci, sun san wannan ilimi ciki da waje, kuma da yake Hausa da Larabci dukkansu suna bambanta dogon wasali da gajere, awon ya hau Hausa ba tare da tilas ba. Waɗanda za ka fi cin karo da su a waƙoƙin Hausa su ne Mutaƙarab da Kamil da Ramal da Basiɗ da Ɗawil da Wafir da Rajaz da Mutadarak. Amma kada ka ɗauka kowace rubutacciyar waƙa dole ta shiga ɗaya daga cikinsu. Marubuta da yawa na ƙarni na 20 daga waƙoƙin baka suka ɗauko muryarsu, daga makaɗan fada ko waƙoƙin dandali, suka ɗora kalmominsu a kai. Idan ka yanka ɗango goma ka ga tsari ɗaya yana dawowa amma bai yi daidai da na aruli ba, ka rubuta tsarin da ka samu, ka faɗi cewa waƙar tana da daidaitaccen kari. Wannan ya fi ka matsa mata sunan da ba nata ba.

Sannan ka yi hattara da wani abu da ya shafe mu mutanen wannan yanki musamman. “Sunka” da “suka” ma'anarsu ɗaya, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne: gaɓar “sun” doguwa ce, “su” gajeriya. Haka “yaz zo” da “ya zo”. Mawaƙan Kano da Zariya ma sukan ari “sunka” da “munka” idan kari ya buƙaci doguwar gaɓa. Ɗalibin da ya kwafi waƙa ya mayar da waɗannan kalmomi daidaitacciyar Hausa, yana ganin gyara ya yi, ya rushe karin da hannunsa. A bar wa mawaƙi karin harshensa yadda ya furta shi.

TAMBAYA: Wata malamar firamare daga Talatar Mafara, wadda take karatun ƙaro ilimi, ta ce: “Kamantawa da siffantawa suna rikita ni, haka ma mutuntarwa da 'yan'uwanta. A ba ni hanyar da zan riƙa rarrabe su.”

AMSA: Malama, hanya mafi sauƙi ita ce ki nemi kalmar da ta tsaya a tsakani. A kamantawa, wadda wasu suke kira kamance, ana ajiye abubuwa biyu gefe da gefe, a sa wata kalma ta haɗa su: kamar, tamkar, sai ka ce, ka ce, kama da, ko “awa” da muke ji a bakin mutanen Sakkwato da Kabi da Zamfara. A baiti na biyu an ce masunta sun faɗa ruwa “ka ce guguwa ce”. Masunta suna nan a matsayinsu na mutane, guguwa tana nan a matsayinta, “ka ce” ita ce ta haɗa su. Manazarta sun karkasa ta gida-gida. Idan an daidaita abubuwan biyu, kamancen daidaito ke nan. Idan an ce wani ya fi, kamar a ce maganarsa ta fi zuma zaƙi, na fifiko ne. Idan an ce bai kai ba, kamar a ce hasken fitila bai kai na fuskarta ba, an shiga na kasawa.

Siffantawa kuwa ba ta neman izini. Ana ɗaukar abu a kira shi da sunan wani abu kai tsaye, a cire kalmar tsakani. Makaɗin fada ba ya cewa sarki kamar giwa yake, sai ya ce masa giwa, ko bango, ko garkuwa, ko gulbi. A baitinmu na ƙarshe an kira babban kifi “uwa” ba tare da an ce kamar uwa ba. A ganina siffantawa ta fi kamantawa ƙarfi, domin mai kamantawa ya bar wa mai saurare damar ya ce a'a, bai yi kama ba, mai siffantawa kuwa ya riga ya yanke hukunci. Wannan ne ya sa kirari da waƙar sarauta suka fi dogara da ita.

Mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa 'yan ɗaki ɗaya ne, sunan ɗakin jinsintarwa, wato a ɗauki hali ko aikin wani jinsi a ba wani. Tambayar da za ki yi wa kanki ita ce, halin wa aka ɗauka? Idan halin mutum aka ba dabba ko wani abu maras rai, mutuntarwa ce. Tarwaɗar da ta laɓe tana koke-koken rashin 'yan'uwa misali ce, domin makoki da sanin zumunta na ɗan Adam ne. Idan halin dabba aka ba mutum, kamar a ce jarumi ya yi gurnani ya kafa farce, dabbantarwa ce. Idan kuma aka mayar da mai rai kamar wani abu maras rai, a ce tsoho ya yi tsatsa ko matsoraci ya narke, abuntarwa ce. Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne duban wanda aka ba halin, a manta da inda halin ya fito, sai a ga kifi a baiti a rubuta dabbantarwa.

Akwai wurin da iyaka take shuɗewa, kuma gara ki sani tun yanzu. Idan aka ce wa sarki “giwa”, wani malami zai ce siffantawa ce, wani ya ce dabbantarwa. Abin da nake koya wa ɗalibai shi ne, idan suna kawai aka ba shi, a ce siffantawa, idan kuwa an sa shi yana aikata aikin dabbar, yana karya itace yana take ciyawa, a ce dabbantarwa. Wanda ya kawo ɗayan ya kuma kafa hujja da kalmomin baitin bai kamata a hana shi maki ba.

Sauran biyu da za ki riƙa haɗuwa da su ba su da wuya. Kambamawa ita ce a kai magana inda hankali ya san ba ta kai ba, kamar a ce taron ya hana ƙasa ganin rana, kuma ba ƙarya ake nufi da ita ba, girman abin ake son a ji a jiki. Alamtarwa kuma ita ce a ambaci abu a bar shi ya tsaya a madadin wata ma'ana da al'umma ta riga ta sani, ba tare da an fassara ba: rawani a madadin sarauta, allo a madadin karatu, likkafani a madadin mutuwa.

TAMBAYA: Wani ɗalibi daga Gusau ya ce: “A wani littafi na ga jigo, a wani na ga turke. A wani amshi, a wani gindi. Wanne ne daidai?”

AMSA: Dukkansu daidai ne, ɗana, sai dai kowanne da fagensa. Kalmomin da muka yi ta magana a kansu a sama, baiti da ɗango da amsa-amo da jigo, na nazarin rubutacciyar waƙa ne, kuma littafin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, yana cikin waɗanda suka daidaita su a makarantu. Waƙar baka kuwa tana da nata, kuma ɗan garinku Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara su a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, wanda ya fara fitowa a 1993. A can ne za ka ga turke a inda masu rubutacciyar waƙa suke cewa jigo, wato babban saƙon da waƙa ta ɗauru a kansa. Sunan ya dace, domin makaɗi yakan yi nisa, ya yabi wannan, ya zambaci wancan, ya roƙi doki, ya tuna kakannin ubangidansa, amma kamar dabbar da ke ɗaure, iyakar igiyarsa zai zagaya ya komo. Waɗannan ƙananan saƙonni da yake bi ta kansu su ne tubalan ginin turke.

Gindi, wanda masu rubutacciyar waƙa suke cewa amshi, shi ne 'yan layukan da ake buɗe waƙa da su, 'yan amshi kuma su riƙa komawa gare su. Abin da jagora yake rerawa tsakanin gindi da gindi shi ake kira ɗa, jam'insa ɗiya. Bai kamata a kira ɗa baiti ba, domin baiti yana da ƙayyadadden yawan ɗangwaye, ɗa kuwa yana iya zama layi biyu, na bayansa ya kai goma sha biyar, gwargwadon abin da makaɗi yake son faɗa da yadda fage ya karɓe shi. Haka nan kada ka wahalar da kanka neman babban amsa-amo a waƙar baka, yawancinsu ba a kansa aka gina su ba, kiɗa da rauji, wato hawa da saukar murya wajen rerawa, su ne suke riƙe da su.

Ku 'yan Zamfara da Kebbi ba ku da uzuri a wannan fanni, domin a ƙasarku aka yi manyansa. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru makaɗan kotso ne, Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani kuma a Yawuri suka yi zamaninsu. Ka saurari waƙa ɗaya ta Ɗanƙwairo da kunnen nazari, ka lura da yadda yakan fara magana ya sake ta, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, sannan duka su faɗa gindi tare. Abin da littafi ya kira karɓi da ƙari ke nan, kuma saurare ɗaya zai zaunar maka da shi fiye da haddar shafi uku. A ɓangaren rubutacciya ma, Alhaji Aƙilu Aliyu, mai Fasaha Aƙiliya, a Jega aka haife shi.

TAMBAYA: Wani almajiri daga Gwandu ya tambayi ma'anar ramzi da yake gani a ƙarshen tsofaffin waƙoƙi.

AMSA: Malam, tsofaffin waƙoƙi sukan buɗe da sunan Allah da salati ga Annabi, su rufe da godiya da addu'a, wannan shi ne mabuɗi da marufi. A cikin marufin ne mawaƙi yakan faɗi yawan baitocinsa da shekarar da ya gama, amma maimakon lambobi sai ya harhaɗa haruffan Larabci su zama kalma, domin kowane harafi yana da adadinsa. Wannan kalma ita ce ramzi. Malaman ƙasar nan lissafin Magariba suke bi, inda shin take 1000, ra 200, fa kuma 80. Kalmar da aka gina da waɗannan haruffa uku tana nufin 1280 ta Hijira, wadda ta faɗo tsakanin 1863 da 1864. Wanda ya yi lissafin da tsarin Gabas, inda shin take 300, zai sami shekarar da ba ta yi kusa da zamanin mawaƙin ba.

TAMBAYA: Wata ɗaliba daga Ƙauran Namoda ta ce: “Zambo da habaici fa, ba duk zagi ba ne?”

AMSA: 'Yata, ko ɗaya ba zagi ba ne a ma'anar ashar, kuma ba abu ɗaya ba ne. Zambo muzantawa ce a fili: makaɗi yakan zana kamannin mutum ko halinsa, tsawonsa ko rowarsa ko yadda rawani ya ƙi zama a kansa, har jama'ar gari su gane shi su yi dariya. A waƙar fada yawanci 'yan sarkin da suke hamayya da ubangidan makaɗi ake yi wa, domin ƙasƙantar da abokin takara wani nau'i ne na ɗaukaka sarki. Habaici kuwa a lulluɓe yake zuwa, ba suna, ba kamanni, sau da yawa cikin karin magana, yadda wanda aka yi dominsa zai ji a jikinsa amma ba shi da hujjar kai ƙara. Idan za ki iya nuna mutumin da yatsa daga abin da aka faɗa, zambo ne. Idan sai wanda ya san labarin zai gane, habaici ne.

TAMBAYA: Wani ɗalibi daga Zuru, mai shirin rubuta NECO, ya ce: “Malam, na haddace sunayen nan duka da ma'anarsu, amma a gwajin makaranta maki kaɗan nake samu a tambayar salo. Me nake rasawa?”

AMSA: Ɗana, daga bayaninka na fahimci kana tsayawa a kan suna. Idan aka ba ka baiti aka ce ka fito da adon harshen da ke ciki, kai kuma ka rubuta “mutuntarwa” ka ajiye alƙalami, ka nuna ka san kalmar, amma ba ka nuna ka karanta baitin ba. Salo shi ne hanyar da mawaƙi ya bi ya isar da jigonsa, saboda haka duk adon da ka ambata sai ka nuna kalmomin da suka ɗauke shi, ka kuma faɗi aikin da ya yi wa saƙon. Da a ce baitinmu na uku aka ba ka, ga irin amsar da nake so in gani: “Mawaƙin ya yi amfani da mutuntarwa a inda ya ce tarwaɗa ‘tana koke-koken rashin 'yan'uwa’. Koke-koke da jimamin dangi halin mutane ne, an ba kifi. Da wannan ya nuna yawan kifin da aka kama ba tare da ya faɗi adadi ba, ya kuma juya hankalin mai saurare daga murnar masunta da ke sama zuwa abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwa.” Jimla uku ne kacal, amma kowace tana da abin da ta ɗauko.

Game da saɓanin sunaye tsakanin littattafai, ka bi wanda ke cikin littafin da aka wajabta muku a manhaja, idan kuma ka san na biyu ka ambace shi a gefe, kamar ka ce amsa-amo ko ƙafiya. Kafin ranar jarrabawa ka ɗauki kowace waƙa da aka wajabta, ka rera ta da murya har sau uku, ka rubuta jigonta a jimla ɗaya, ka fitar da zubin baitinta da amsa-amonta, ka yanka ɗango biyu na farko gaɓa-gaɓa, sannan ka zaɓi adon harshe uku ka rubuta wa kowanne irin amsar da ke sama. Idan akwai kalmar da tsawon wasalinta ya shige maka duhu, ka sa wani dattijo Bahaushe ya faɗe ta a cikin magana, ka saurari inda ya ja.